Me ya sa motata ke mutuwa da safe idan ta koma kan gas?

Ɗan'uwa, tunda ka ce a kan fetur lafiya ƙalau take, fara duba ruwan lagireto. Gas ɗin LPG (irin na girki) a ruwa-ruwa yake cikin tanki, kuma zafin ruwan injin ne ke mayar da shi tururi a cikin rijusa, wato na'urar da ke rage ƙarfin gas kafin ya shiga injin. Idan ruwan ya ragu, ko iska ta shiga tiyo, rijusa kan yi ƙanƙara, injin ya shaƙe. Taɓa rijusar bayan mota ta ɗumama: in da sanyi, nan matsalar take. Ka bar injin ya kai kamar digiri 30 zuwa 40 kafin ya sauya zuwa gas.

In ba nan ba, canza filtar gas da fulogi.

Amma in ka ji warin gas, don Allah rufe bawul ɗin tanki, ka nemi yoyon da kumfar sabulu, kada ka kusanto da wuta.