Wace na'urar zuƙe ƙura zan saya?

Tambaya: Anti, ɗaki biyu ne da ni a wani ƙauye kusa da Ringim, maigida ya shimfiɗa min kafet amma ƙurar hunturu ta hana ni sakat, tsintsiya tada ta kawai take yi. Wace iri zan saya? Wutar Nepa sai jefi-jefi.

Amsa: 'Yar uwa tunda wuta ce matsalar ki nemi mai caji, doguwar nan siririya kamar taɓarya, nauyinta yawanci baya wuce kilo 3, da hannu ɗaya zaki zura ta ƙarƙashin gado da bayan kujera, kuma ko ƙaramin sola zai cika batirinta. Caji ɗaya yakan yi minti 20 zuwa 40, ya ishe ki. Mai waya tafi ƙarfin zuƙa gaskiya amma da yawa suna jan wat 1000 ko fiye, ƙaramin janareta bazai ɗauka ba.

Ki tabbata matatarta ta wankewa ce, kuma sai ta bushe ƙayau zaki mayar. Yashin bakin ƙofa kuwa ki fara sharewa da tsintsiya, shi ke saurin cika ta. In maigida ya shiga kasuwar Sabon Gari ta Kano a kunna masa ita a shago tukuna kafin ya biya.