Ku Tambaya Mu Amsa: Ƙofar sito da ta shago

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina gina sito a Dawanau na ajiyar riɗi da zoɓo, so nake tirela ta riƙa shiga har ciki. Mai walda na ya ce a yi ƙofa mai taya wadda ake turawa gefe, yarona kuma ya dage sai rola mai naɗewa sama mai rimot. Wacce ta fi?
Daga wani mai karatu, Kano

AMSA: Wa'alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa a gama lafiya. Kafin a zo kan wacce ta fi, dan Allah idan ba a zuba linta ba tukunna a dakatar da magini a ɗauko tef. Kwantena ta yau da kullum tsayinta mita 2.59 ne, doguwar nan kuma mita 2.9, faɗi mita 2.44, toh in ka ɗora ta a kan tirela gaba ɗaya abin ya haura mita 4, balle motocinmu da ake lafta wa buhuna har su yi tozo a ja tamfol a kai. Saboda haka kar bakin ƙofar ya gaza mita 4.5 a tsaye, in da hali ma a kai shi 5, faɗin ma haka saboda direba da ribas zai shigo, karen mota na daga baya yana ta bubbuga bodi, kuma ba kullum yake daidai ba. A kafa bututun ƙarfe mai kauri guda biyu a gefe da gefe a cika su da kankare, su ne za su riƙa shan dukan maimakon ƙofar.

Sai maganar wuri. Rola tana buƙatar kusan rabin mita a saman linta inda za ta naɗe, mai taya kuma bango take so a gefe daidai faɗinta wanda ba za a jingina komai ba, kuma kai ma ka san 'yan dako in wuri ya cika duk inda suka ga fili nan buhu zai sauka.

Mai taya tana da sauƙin kuɗi, kowane mai walda zai gyara ta, amma in aka shimfiɗa dogonta, wato ƙarfen da tayar ke bi, a ƙasa akwai matsala, tirela za ta bi ta kai ta lanƙwasa shi, riɗi da yashi su cike ramin, wata rana sai an taru mutum huɗu kafin ta motsa. In ita za a yi a rataye ta daga sama a jikin bim mai ƙarfi da boris masu kyau. Aibinta na biyu ba ta haɗuwa da bango ruf, ɓera da tsuntsu suna samun hanya, ga mai ajiyar hatsi kuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Rola ta fi toshe ko'ina, sai dai mai mita 5 da 5 nauyinta zai kai wajen kilo 250 ko fiye, ba a ɗaga irin wannan da hannu, dole sarƙa ko mota, wato injin lantarki mai ɗaga ƙofa, sannan iskar farkon damina tana iya tumɓuke ta daga dogon gefe in dogon ba shi da zurfi, don haka a ce a sa mai zurfi da 'yan ƙugiyoyin nan da suke riƙe fallayen ƙarfen ƙofar a cikin dogon.

Ni dai in sitona ne rola mai sarƙa zan saka, in bar rimot, tunda ƙofar da sai tirela ta zo ake buɗewa ba ta buƙatar sa, yaro ya yi haƙuri. Kuma ko wacce aka zaɓa a fitar da ƙaramar ƙofa ta mutane daban a gefe, ba don shiga da fita kawai ba, in gobara ta tashi ko babbar ta cije kar a rufe mutane a ciki.

TAMBAYA: Shagon atamfa gare ni, rolar ta yi nauyi sosai ga ƙara kamar me in ana ɗagawa, yaron shagon kullum yana zuba mata baƙin mai amma sai ƙaruwa abin yake. Na canza ta ne?
Daga wata 'yar kasuwa, Kantin Kwari

AMSA: Hajiya kar ki canza tukunna, ki fara hana yaron nan. Baƙin man da giris ɗin da ake cusawa a dogon gefe su ne suke kama ƙura, ki sa yatsa a ciki ki gani, za ki ciro wani baƙin abu mai danƙo da tsakuwa-tsakuwa, shi ne yake riƙe ƙofar yana kuma cin ƙarfen a hankali, musamman bayan hunturu, ga shi wata rana zai goga a jikin atamfa ki yi asara. A ɗaga ƙofar a kankare dogon biyu, a wanke da burushi da ɗan kalanzir a goge da tsumma ya bushe ƙarau, in za a sa wani abu a fesa feshin silikon kaɗan. Giris wurinsa can sama ne, a boris da sifirin, shi ma ba da yawa ba. A yi haka ƙarshen hunturu da ƙarshen damina ya wadatar.

In an wanke har yanzu da nauyi, ki sa a ɗaga ta zuwa rabi a saki a hankali, mai lafiya tsayawa take yi ko ta ɗan motsa kaɗan, in ta zubo ƙasa da gudu toh sifirin ya saki ko ɗaya ya karye. Nan kam ba aikin yaron shago ba ne wallahi, sifirin ɗin a ɗaure yake da ƙarfin da ke ɗauke da nauyin ƙofar duka, in ya ƙwace yana karya hannu yana fasa fuska, a kira wanda sana'arsa ce. Kuma a canza su duka lokaci guda, in aka haɗa sabo da tsoho ƙofar karkacewa take yi. Robar ƙasa ma a duba ta, tana tare ƙura da feshin ruwa, amma ba ta tare ambaliya, ku da kuka ga ruwan 2022 a Kwari kun fi ni sani, wannan sai ɗaga dakali da ɗora kaya a kan katako.

TAMBAYA: Muna da gidan ruwan leda, motoci na shiga da fita wuni guda, mun sa wa ƙofa motar ɗagawa ta ƙone cikin wata kaɗan. Laifin wuta ne ko an yi mana algus?
Daga wani manaja, Sharaɗa

AMSA: Zai iya zama duka biyun ɗan'uwa, amma abin da na fi zargi shi ne an sa muku motar ƙofar gida a wurin aikin kamfani. Ƙaramar motar nan da ake zurawa a cikin bututun rola an yi ta ne don buɗewa jefi-jefi, in ta yi kamar minti 4 tana aiki a jere zafi take ɗauka ta kashe kanta sai ta huce, ku kuwa ba ku ba ta hutu. Ku ƙirga sau nawa ake buɗewa a rana ku faɗa wa mai sayarwa, ya ba ku wadda ake ɗaurawa a gefe mai jan sarƙa, in kuna da wuta mai layi uku ita ta fi jure wahala. Haka ma sifirin, da yawansu lissafin buɗewa da rufewa 10,000 ake yi musu, wanda ke buɗewa sau 40 a rana bai cika shekara ba ya cinye.

Wutar ma a kula, in ta zo ba ƙarfi mota gurnani take yi tana zafi ba ta juyawa, a sa mata sitabilaiza, kar kuma a danna ta daidai lokacin da ake juyawa daga NEPA zuwa janareto. Sarƙar hannu dole ce, a riƙa gwada ta duk wata don kar ranar da aka ɗauke wuta a tarar ta yi tsatsa. Sannan a sa na'urar nan mai ido a ƙasa da ke tsayar da ƙofa in mutum ko kaya ya gitta, masu sakawa suna yawan tsallake ta don kuɗin ya sauko.

TAMBAYA: Mutum biyu sun ba ni farashin rola, ɗaya kusan rabin ɗayan, kuma a ido iri ɗaya ne.
Daga wani mai kemis, Maraɗi

AMSA: Malam bambancin yana cikin kauri. Akwai falle mai milimita 0.8, akwai 1, akwai 1.2, akwai ma wanda bai kai 0.8 ba, kuma in da geji suke magana ka sani lamba na hawa ƙarfe na sirancewa, geji 22 ya fi geji 18 siranta. Ka sa kowa ya rubuta maka kauri a takarda, ranar kawowa a auna a gabanka kafin a ɗaura, ka tabbatar kuma galbanaiz ne ba baƙin ƙarfe da aka shafa wa fenti ba. Ga kemis kar ka sauka ƙasa da milimita 1. Ɓarawo ta ƙasa yake ɓanɓarowa, don haka ƙarfen gindin ya zama mai kauri, sakata biyu hagu da dama, kwaɗon kuma a yi masa gida na ƙarfe yadda almakashi ba zai kai ga wuyansa ba.