Tambaya da Amsa: Shan Shayi da Zafinsa

Tambaya: Mahaifina yakan kurɓi shayi da zarar an sauke shi daga wuta, yana cewa in ya huce ba ya masa daɗi. Shin hakan yana da illa? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Lallai yana da illa, 'yar'uwa. Ruwa yana tafasa ne a kusan digiri 100 na ma'aunin Salshiyas, alhali abin sha da ya haura digiri 60 yana iya ƙona harshe da ganɗa, har fatar baki ta saluɓe. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, a shekarar 2016 cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa yawan shan abin da ya wuce digiri 65 yana iya haddasa kansar maƙoshi, saboda zafin, ba shayin kansa ba.

Ki lallashi Baba ya bari a fifita shayin tsakanin kofuna biyu, kamar yadda masu shayi suke yi, ko ya jira 'yan mintoci. A kula sosai da kunu da koko, musamman ga yara, domin samansu yakan huce alhali cikinsu yana da zafi ƙwarai. Wanda ya ƙone ya riƙa guntsar ruwan sanyi, ya guji yaji, in haɗiya ta gagara kuwa a je asibiti.