Tambaya da Amsa: Su Wa Ke Cikin Ramin Nan na Deep Space Nine?

Tambaya: Assalamu alaikum Yaya. Ƙanena ne ya je wajen masu tura fim a waya nan Ƙofar Ƙaura ya turo wani tsohon fim mai dogon zango, Star Trek: Deep Space Nine, tun ina masa faɗan ɓata lokaci har na tsinci kaina ina cikin sizin na biyu. Abin da ya ɗaure min kai shi ne waɗannan halittun da ke cikin ramin sararin samaniya, ba a taɓa nuna siffarsu ba, sai dai su fito da fuskar mutane su yi magana a dunƙule su ɓace. Aljanu ne ko me? Kuma sunan da ake kiransu da shi a fim ɗin, wato "Prophets" (annabawa), bai kwanta min a rai ba. Ƙanwarka daga Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Wannan fim ɗin an fara haska shi a Amurka a watan Janairun 1993 aka rufe a 1999, sizin 7 ne, kashi 176, don haka kina da sauran tafiya mai nisa.

Bari in fara da sunan tunda shi ya fi damun ki. Mutanen duniyar Bajor a cikin labarin su ne suke kiransu da wannan suna mai nauyi, don sun ɗauke su abin bauta, ramin ma suna ce masa ɗakin ibada na sama. Su kuwa ma'aikatan Starfleet, rundunar jiragen sararin samaniya da ke kula da tashar Deep Space Nine, cewa kawai suke "baƙin halittun cikin rami". Marubutan da gangan suka bar ra'ayin biyu suna karo har ƙarshe. Ni dai na biyun nake amfani da shi, kuma ƙyamar da kika ji a ranki na fahimce ta sarai, ƙagaggen labari ne na mutanen da aƙidarsu daban da tamu. In hukunci kike so sai ki tuntuɓi malamai, wannan ba fagena ba ne.

Aljanu kuwa a'a, labarin bai ce haka ba. Wasu halittu ne da ke zaune cikin wata ƙofa a sararin samaniya wadda in jirgi ya shige ta sai ya ɓulla can wani ɓangare mai nisan shekarun haske kusan 70,000. Babban abin da ya raba su da mu shi ne ba su san lokaci ba, jiya da yau da gobe duk abu ɗaya ne a wajensu, shi ya sa maganarsu take zama kamar zaurance, za su faɗi abin da bai faru ba tukuna kamar an gama shi tun bara.

Ki koma kashi na farko ki sake kallo a nutse, don a nan zuciyar abin take. Benjamin Sisko, kwamandan tashar, wanda Avery Brooks ya fito a matsayinsa, matarsa Jennifer ta rasu a yaƙi da Borg (wasu halittu rabi mutum rabi na'ura), jirginsu na ci da wuta yana ƙoƙarin ciro ta daga ƙarƙashin ƙarafa aka janye shi da ƙarfi, ya tsira shi da ɗansa Jake. Bayan shekara 3 ya faɗa hannun waɗannan halittu, yana ta fama ya koya musu mene ne lokaci, har ya kawo musu misali da wasan ƙwallon sanda na Amurka, cewa daɗin wasan shi ne ba ka san me jifa na gaba zai haifar ba. Kamar dai a ce tun kafin a take wasa a filin Muhammadu Dikko an gaya miki ci nawa Katsina United za ta tashi, ai babu mai sayen tikiti. Sun saurare shi, amma duk inda ya kai bayaninsa sai ya sake ganin kansa cikin jirgin nan mai wuta gaban gawar matarsa, ya ce su daina dawo da shi nan, su kuma suka nuna masa ba su ke kawo shi ba, shi ne bai taɓa barin wajen ba. Wallahi ranar da na fara ganin wannan wajen sai da na dakatar da fim ɗin, don na san gidaje da yawa da aka yi rashi shekara goma amma har yau ɗakin mamacin a rufe yake, takalminsa na nan bakin ƙofa inda ya cire.

Kar ki ɗauka kuma masu tausayi ne zalla, shiriyar tasu da tsada take zuwa. A sizin na shida sun ɓatar da jiragen yaƙi 2,800 na Dominion, daular abokan gaba daga ɗaya ɓangaren, a cikin ramin saboda roƙon Sisko, amma suka ce masa akwai abin da zai biya. Suna da abokan gaba irinsu ma, Pah-wraiths, waɗanda aka kora daga ramin. Batun mahaifiyar Sisko kuwa na ja bakina, sai kin kai sizin na bakwai.

Tambaya: Malam akwai wani fim mai irin waɗannan halittun? Wani ɗalibi daga Daura.

Amsa: Akwai ɗan'uwa, nemi Babylon 5 na J. Michael Straczynski, daga 1994 zuwa 1998. A can wata tsohuwar ƙabilar halittu ce mai suna Vorlon, jakadansu Kosh kullum a lulluɓe cikin wata rigar sulke, magana ɗaya biyu ya yi shiru. A ƙarshen sizin na biyu da ya fito daga rigar don ya ceto Kyaftin Sheridan, kwamandan tashar Babylon 5, kowace ƙabila ta gan shi da siffar halittar haske ta addininta, Londo, jakadan ƙabilar Centauri, shi ne ya ce bai ga komai ba. Daga baya za ka gane tun zamanin da Vorlon ɗin suka shirya a riƙa ganinsu haka, kuma jagorancin nasu akwai son rai a ciki. In za ka tura, ka ce a haɗa maka tun daga sizin na ɗaya, don labarin a ɗinke yake, ba ya son tsallake.