Re: Canza shokozoba da sifirin na gaban tsohuwar mota Toyota Celica

Malam, ka ce Celica ɗinka tana tsalle in ka shiga rami a hanyar Gombe zuwa Bauchi, kana tambaya ko gefe ɗaya zaka canza. A'a wallahi, canza biyun tare, in ba haka ba motar zata riƙa karkata kuma taya zata cinye gefe guda. Nemi sabon shokozoba na kamfanin KYB, bar na gwanjo.

Sifirin ɗin nan kuwa don Allah kada kowa ya kwance notin saman shokozoba sai an matse sifirin ɗin da abin matse sifirin, in ba haka ba yana iya fizgewa ya ji wa mutum mummunan rauni. Ka duba robar saman shokozoban ma tunda an riga an buɗe. Bayan an gama kai ta alaimen.