Gashin tumaki a saman silin, zai yi a wajenmu kuwa?

Wani mai kiwo daga Gumel ya turo cewa: Malam na ga bidiyon Turawa suna shimfiɗa gashin tumaki a saman silin wai yana tare zafi da sanyi, ni kuma ina da raguna, ɗakina na kwano ne, in bazara ta yi ba a kwanuwa. In aske su in zuba?

Toh Alhaji bidiyon dai gaskiya ne, ana yi a Ingila da Ailan da Niyuzilan, kuma abin da ya ƙara tura su shi ne farashin ulu ya faɗi warwas, wani lokacin kuɗin da manomi zai samu bai ma kai ladan mai aski ba, ga shi dole a aske tunkiyar duk shekara ko ana so ko ba a so. Shi ulu zarensa a nannaɗe yake, sai ya riƙe iska a tsakaninsa, iskar nan da ba ta motsi ita ke hana zafi ratsawa. Yana iya shan laima har wajen kashi 30 cikin 100 na nauyinsa ka taɓa ba ka ji jiƙa ba, sannan ba ya saurin kama wuta.

Amma fa naka ragunan ba irin waɗancan ba ne. Balami da Uda da 'Yankasa duk gashi ne da su ba ulu ba, gajere ne miƙaƙƙe, da kansa yake zubewa, ko ka aske garken gaba ɗaya abin da za ka tara ba zai rufe kusurwar ɗaki ba, kuma da ka zuba zai kwanta ya danne, babu iskar da zai riƙe. Ka bar ragunanka da gashinsu, shi ke kare musu fata daga rana, kuma mai sayen ragon layya ba zai kalli askakke ba. Masu ulu a yankinmu kaɗan ne, akwai Kundum a bakin kogin Kwara wajen Tilabeeri a Nijar, sai na Masina a Mali da ake saƙa bargo da nasu, shi ma a bargon ya fi daraja.

Ko su Turawan ma ba daga jikin tunkiya sai silin ba. Sai an wanke maiƙon da dattin a masana'anta, a tsefe, a sa masa maganin ƙwari irin su boraks, in ba haka ba asu ya samu abinci.

Wani kuma daga Kano ya ce to gashin da ake kankarewa a majema fa, tunda kyauta ne?

A'a, wannan kam kar ka soma. Da farar ƙasa (lime) da sauran magunguna ake cire shi, ga wari, sannan ƙwayar ciwon saifa (wato anthrax) tana daɗewa shekaru a gashi da fatar dabbar da ta kamu, mutum ya shaƙa ya kamu. A 2023 ma an tabbatar da ɓullarta a wata gona a Suleja.

Sai wata Hajiya mai kaji da ta ce zafin kwano yana kashe mata su, me za ta yi tunda ulun babu?

Hajiya ki sa a shimfiɗa zana ko ciyawa a saman kwanon ta waje a ɗaure da kyau saboda iskar farkon damina, amma ki nisanta wuta da wurin. In ba haka ba a shafa wa kwanon farin fenti. Gefen ɗakin kuma a buɗe shi a sa raga, ki rage yawan kajin, ruwan shansu ya zauna a inuwa, abinci kuma da sassafe da yamma, banda tsakar rana.