Bargon Saƙar Hannu: Wane Zare, Kuma Yaya Ake Gama Bakinsa?

Tambaya daga Ngaundare: Gwaggo, ƙanwata za ta haihu wajen Disamba, ina son in saƙa wa jaririn bargo da kibiya. Mai kanti ya nuna mini zare iri biyu, ya ce duk ulu ne, amma kuɗinsu ba ɗaya ba. Wanne zan ɗauka, kuma dunƙule nawa?

Amsa: Allah ya sauke ta lafiya, 'yata. Kada ki tsaya kan maganar mai kanti, duba takardar da aka naɗe dunƙulen da ita. In an rubuta "laine" ɗari bisa ɗari, gashin tunkiya ne. In kuwa "acrylique" ne, zaren roba kika riƙe. In babu takarda, tsinko ɗan guntu ki ƙyasta masa ashana a waje. Na tunkiya ƙaurin gashi yake yi, wutar ta mutu da kanta, tokar ta murmushe a yatsa. Akirilik narkewa yake, ya dunƙule baƙi ƙirin da tauri.

Ni dai don jariri akirilik mai laushi zan ce ki saya, ko wanda aka gauraya da ulu kaɗan. Ba rowa ba ce. Bargon jariri kullum cikin wanki yake, ɗakin mai jego kuwa ba ya rabo da ruwan zafi. Ulu na gaske in ya haɗu da ruwan zafi da cuɗa sai ya tsuke ya cure, ba kuma ya komawa. Wa zai tsaya yi wa masu taya wanki bayani ranar suna? Amma ki ja wa ƙanwarki kunne: akirilik da garwashi ba sa ga maciji, in ya narke manne wa fata yake. A nisanta shi da kaskon wuta.

Da na babba ne, da na ce ki daure ki sayi ulun. Ngaundare na bisa tudu, tsayinsa ya kai wajen mita 1,100, sanyin asubar hunturu a can ba wasa ba ne, ulu kuma ya fi riƙe ɗumi.

Bargo mai faɗin santimita 75 da tsawon 100 yana cin giram 400 zuwa 500 na zare matsakaici, wato dunƙule 8 zuwa 10 na giram 50. Ki saye su rana ɗaya, ki tabbata lambar rinin da ke jikin takardun iri ɗaya ce. In kika koma ciko bayan wata biyu, kya iya samun launin ya ɗan sha bamban, a rana kuma ba ya ɓoyuwa. Kibiya mai kaurin milimita 4 ta isa, mai igiya a tsakani ta fi ɗaukar nauyin bargo.

Tambaya daga Garwa: Hajiya, na gama nawa amma gefensa sai nannaɗewa yake. Kwarashi zai gyara?

Amsa: Zai gyara, 'yar'uwa, in bakin ya yi faɗi. Saƙa mai santsi a fuska ɗaya haka halinta yake, ba laifin hannunki ba ne. Zagaye ɗaya ba zai danne ta ba, ki yi huɗu ko biyar. A gefen tsawo ki riƙa sa ƙulli 3 a kowane layi 4. In kika bi kowane layi, bakin zai yi ta lanƙwasa. A kowace kusurwa ki sa 3 a rami ɗaya don ta kwanta. Ki yi amfani da irin zaren da kika yi jikin bargon da shi, kada wanki ya tsuke ɗaya ya bar ɗaya.

Na gaba kuma, ke da ke garin kamfanin auduga na SODECOTON da zafin bakin kogin Binuwai, ki gwada zaren auduga. Ya fi nauyi a hannu, amma ba ya sa gumi, yana kuma jure wanki.